Taya Mai Dutse da Tauraro

Mahaifin Ya'u ɗan kwale-kwale ne. Shekara ashirin ya yi yana tsallakar da mutane da awakinsu a Binuwai, har gada ta zo ta cinye masa sana'a yana ji yana gani. Tsohon bai yi fushi da gadar ba. Ya ɗaga kai ya dubi motocin da ke wucewa ta samansa, ya ce wa ɗansa tunda abinci ya tashi daga ruwa ya koma kan kwalta, sai a bi shi can. Haka Ya'u ya faɗa sana'ar faci, kuma a cikinta ya yi gemu, ya yi aure, ya yi furfura, a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro guda a bakin titin Dubeli a Jimeta.

Bai yi boko ba. Lamba dai yana karanta ta, don mai faci da bai san lambar taya ba yunwa za ta kashe shi, amma rubutun Turancin da ke jikin taya bai taɓa damunsa ba. Yana da nasa karatun. In aka mirgino masa taya sai ya ƙwanƙwasa ta ya saurara, ya zura hannu ciki ya shafa, sannan ya danna farcen babban yatsansa a kan zanenta. In roba ta lotsa ta dawo, da sauran rai a jikinta. In ta yi tauri kamar ƙanzo, sai ya tura ta gefe da ƙafa. Direbobi sun yarda da farcen nan fiye da takardar shago, kuma gaskiya sau da yawa yana da gaskiya. Aibinsa ɗaya ne, shi ne kuwa aibin rabin mazan garin nan: bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Ka tambaye shi hanyar Makka, zai nuna maka da hannu.

Da sana'a ta ɗan kankama sai ya fara sayar da tayoyin Beljiyam, wato waɗanda Turawa suka gama yayi da su aka lodo mana a jirgin ruwa. A cikinsu yakan ci karo da wasu masu zane mai zurfi, mai tsaga-tsaga, robarsu da laushi, a gefensu kuma an buga ɗan hoto: dutse mai kai uku, da wani abu mai ƙafa shida a tsakiyarsa. Wani direba ya taɓa tambayarsa ma'anar hoton. Ya'u ya duba, bai ko yi jinkiri ba, ya ce ai ga shi a fili, dutse ne da tauraro, tayar hawan dutse ce, Turawa sun yi ta don garuruwa masu tudu. Daga ranar sunan ya bi ta. Masu zuwa Ganye da Mubi suka riƙa neman mai dutse da tauraro da bakinsu, shi ma da ya maimaita maganar sau ɗari sai ya manta shi ya ƙirƙiro ta. Wasu sukan fashe a hanya, amma wace taya ce ba ta fashewa a zafin Yola? Yawancinsu kuma a ƙananan motoci suke, masu tafiya suna nishi, ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi.

'Ya ɗaya Allah ya bar musu shi da matarsa Sabuwa, Zulaihatu. Sauran ukun duk sun koma tun suna goye. Yarinya ce mai shiru da jin magana, irin wadda in ka ce ta zauna nan, in ka manta da ita sai ka dawo ka same ta a nan. Ya'u yana alfahari da wannan halin nata a gaban kowa. Da ta gama sakandare ta samu gurbin koyon aikin jinya a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Mubi, tare da ƙawarta Asta, 'yar wata bazawara Bafulatana da ke unguwar Luggere. Su biyu suka tafi, ɗaki ɗaya suke kwana a bayan asibitin.

Sai shekarar dubu biyu da goma sha huɗu ta zo. Wanda ya zauna a Jimeta a waccan shekarar ba sai an tuna masa ba. Madagali ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, Michika ta bi, kullum gada tana zubo mutane da tabarmi a ka da yara a kafaɗa. Kowane gida a Dubeli ya cika da baƙi har zaure. Sabuwa ta yi ta roƙon Ya'u ya sa yarinyar ta dawo, shi kuma yana cewa Mubi ba ƙauye ba ce, akwai soja, a bari ta ƙarasa watanninta ukun da suka rage. Bai sani ba, amma ya faɗa kamar ya sani. Sai a ƙarshen Oktoba, da labarai suka fara zuwa da zafi daga wajen Uba, shi ma ya yarda a dawo da ita. Ya je tasha ranar Talata da safe, ya tarar ba direban haya da zai yarda ya nufi can.

Yana dawowa rumfarsa sai ga Jerry. Mutumin Numan ne, direban wani lauya da ke zaune a Yola, kuma abokin Ya'u na shekara goma sha wani abu. Motar da yake ja kuwa duk Jimeta an san ta: baƙa, 'yar Jamus, mai silinda takwas, ƙasa-ƙasa da faɗin ƙugu. In ya taka ta a hanyar filin jirgi, kafin ka juyo ka ce wace ce, ta zama ɗigo. Jerry ya ce maigidansa ya aike shi Mubi gobe da sassafe ya ɗauko masa tsohuwarsa, ya tsaya ne a duba masa iska.

Ya'u ya riƙe masa hannu da hannu biyu. "Jerry, don girman Allah. Zulai tana can."

"Haba, Malam Ya'u, sai ka roƙe ni? Yarinyanka yarinyana ne. Ka ce masa ya shirya jaka, ƙarfe tara ina ƙofan asibiti. Motan nan awa biyu da rabi ne, ko da sojoji a hanya."

Ya'u ya durƙusa cike da murna yana duba iskar tayoyin. Na gaba sababbi ne. Na baya kuwa sun suɗe, har zare ya fara leƙowa a gefen ɗaya. Ya ce ba komai, ai na baya bi kawai suke yi, haka kowa ke yi, mai kyau a gaba, gajiyayya a baya.

"A'a, ba a wannan motan ba," in ji Jerry. "Wannan da baya yake turawa. Duk ƙarfin inji a ƙafan baya yake sauka. Oga ya riga ya ba ni kuɗi, daga nan babban shago zan je in sa sababbi guda biyu. Da tsada kam, kamar kuɗin saniya, amma ya ce in sa."

A nan ne Ya'u ya miƙe. Da ya yi shiru da shi ke nan. Amma mutumin nan zai ɗauko masa 'yarsa, shi kuma ba shi da abin da zai saka masa da shi sai abin da ya iya. Ya shiga bayan rumfa ya mirgino wasu tayoyi biyu masu faɗi da ya daɗe yana ɓoyo, lambarsu daidai da ta motar, abin da ba kullum ake samu ba. Ya goge gefen ɗaya da hannun riga.

"Na san na shagon nan," ya ce. "Na gan su. Zanensu sumul, layi uku kawai, tayar birni ce, ta yawon Abuja. Kai kuwa Hong za ka hau, Mubi za ka shiga. Dubi wannan. Dubi zurfin zane. Kawo yatsanka, danna. Ka ji laushi? Ko wata shida ba ta yi a ƙasa ba. Ga kuma hatiminta, dutse da tauraro. Don irin hanyarka aka yi ta."

Jerry ya danna, ya sosa ƙeya. "Beljiyam fa, Malam. Oga ya ce sabo."

"Sabo suna ne. Shekara talatin ina wannan aikin, na taɓa ba ka abin da ya kunyata ka? Kuma ba sayar maka zan yi ba. Ka mayar wa Barista kuɗinsa, ka ce Ya'u ya ba da tasa gudummawar. 'Yata ce za ta zauna a kansu, kana ganin zan sa mata abin banza?"

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta sa Jerry ya yarda. Ya'u ya ɗaura tayoyin da kansa, ya ɗaure kowane noti sau biyu, ya buga iska, ya tofa musu bisimilla. Da la'asar ya kira Zulaihatu. Muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce ana ta jin ƙara daga nesa, mutane sun fara ɗaure kaya, mai asibitin ma ya ce in abin ya matso zai kwashe ma'aikata a motarsa ta ɗaukar kaya su bi ta Maiha.

"Kar ki shiga motar kowa," in ji Ya'u. "Akwala ce za ta mutu muku a daji. Mota na zuwa, wadda ko harsashi ba ya kamo ta. Ƙarfe tara ki tsaya a bakin get ɗin asibiti da jakarki. Kar ki motsa daga nan sai kin ga Jerry. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba. Asta fa?"

"Har da ita. Akwai wuri."

Ranar Laraba Jerry ya wuce ta gaban rumfar tun rana ba ta gama fitowa ba, ya danna ham sau biyu. Ya'u ya ɗaga masa hannu, ya bi bayan motar da kallo, yana jin daɗin yadda tayoyinsa suka zauna mata.

Wajen ƙarfe takwas wata ƙaramar mota ta tsaya da taya a kwance. Mai ita Dakta Keturah ce, malama a jami'ar da ke Girei, wadda ta yi shekara bakwai tana karatu a Rasha. Takan zo wurinsa jefi-jefi. Tana jiran ya gama facin, ta zauna a benci tana fifita da jarida, sai idonta ya faɗa kan wata taya da ke jingine da bishiya. Ta sunkuya, ta yi dariya.

"Malam Ya'u, me wannan yake yi a Yola? Ko kana jiran sanyi ne?"

"Mai dutse da tauraro ke nan, Dakta. Ta hawan tudu."

"Tauraro? Wane tauraro? Wannan hoton dusar ƙanƙara ne. Tayar lokacin sanyi ce. Can in ƙanƙara ta rufe hanya, kowa sai ya cire tayarsa ya sa irin wannan. Shi ya sa robar take da laushi, don kar sanyi ya daskarar da ita. Da zafi ya shigo sai a cire, ba a yarda a yi gudu da ita a kan kwalta mai zafi. Balle tsohuwa, balle zafinmu."

Ya'u yana riƙe da tiyub a cikin bahon ruwa. Bai ɗago ba. "In aka yi gudun fa?"

"Ya danganta. Ƙaramar mota, a hankali, za ta lallaɓa, sai dai ta cinye da wuri. Amma babbar mota mai ƙarfi, a sa mata a baya, a taka wuta? Robar za ta yi zafi ta saki, bayan motar ya fara rawa, in ba a yi sa'a ba ta ɓare gaba ɗaya. Malam, lafiya? Ka saki tiyub ɗin."

Tsoro ya taɓa kama Ya'u a rayuwa, amma bai taɓa jin irin wannan ba. Ya ga farcensa yana lotsawa cikin robar jiya, ya ji bakinsa yana cewa ka ji laushi. Laushin da ya rantse da shi, ashe shi ne ciwon. Ya laluba aljihu da jiƙaƙƙen hannu ya ciro waya, ya kira Jerry. Ta yi ƙara har ta katse. Ya sake, ya sake. Wa zai ɗauki waya yana gudu ɗari da sittin? A kira na biyar ma ba ta shiga ba. Ya kira Zulaihatu, ya ce mata in motar mai asibiti ba ta tashi ba su shiga, sai wata mata ta amsa masa da Turanci cewa ba a samun lambar. Ya yi ta dannawa har Dakta Keturah ta karɓi wayar ta gwada da tata. Duk ɗaya.

Bai san yadda ya gama mata facin ba. Ya bar rumfa a buɗe, injin iska yana ta tafarfasa, ya hau Keke Napep zuwa bakin gada. A can ya ji labarin, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, daga bakin wani mai sayar da rake da rediyo a kunne: sun shiga Mubi.

Ya tsaya a nan rana ta dake shi tun daga tsakar ka har ta karkata. Ya taka kwalta da silifas ya ji zafinta yana ratsowa tafin ƙafarsa, ya janye ƙafar kamar ya taka garwashi, yana lissafin abin da wannan zafin ke yi wa roba. Motoci suka fara zuwa bayan azahar, tirela da tifa da a-kori-kura, mutane a kan rufi, mutane a but, wata mata da jariri a hannu ba ɗankwali. Duk baƙar motar da ta ɓullo daga wajen Girei sai ya zuba mata ido, sai ta matso ya ga ba ita ba ce. Yana so ya yi addu'a, amma bai san me zai roƙa ba, tunda abin da yake tsoro da hannunsa ya ɗaura shi, ya kuma yi masa bisimilla. Sabuwa ta kira shi sau bakwai. Bai ɗauka ba.

Gab da magariba motar ta zo, tana tafiya kamar mai ciwon ƙugu. Gefenta na dama ya goge, fitila ɗaya ta fita, a baya ɗaya ƙafar 'yar siririyar safaya ce. Ya'u ya ruga. Mutum goma sha ɗaya suka fito daga cikinta, ya ƙirga su da ido, ya sake ƙirgawa. Tsofaffi, yara, wani mutum da jini a riga. Ba tsohuwar lauya. Ba Asta. Ba Zulaihatu.

Jerry ya fito da tsumma ɗaure a goshi. Ya ce bayan Gombi, kafin Hong, yana cikin gudu sai ya ji bayan motar ya fara lilo, kafin ya rage wuta sai ƙara, tayar dama ta baya ta ɓare kamar ɓawon ayaba. Motar ta juya sau biyu ta faɗa rami. Sai da ya yi awa uku kafin ya samu mutanen da suka taya shi turo ta, ya sa safaya. Da ya isa Hong tuni hanya ta cika da masu gudu, sojoji sun tare, ba mai wucewa, dole ya kwashi waɗanda motar za ta iya ɗauka ya juyo.

"Na roƙe su, Malam, wallahi na roƙe su. Na ce yarinya yana jirana. Suka ce in na wuce su za su harbe ni da kansu." Ya share fuska. "Wataƙila ƙusa na taka. Ko ƙarfe. Ban gani ba."

Ya'u ya dubi safayar. Wannan karon ya sani sarai, kuma a wannan karon ne ya yi shiru.

Washegari matar Jerry ta zo har rumfa da kwanon abinci, tana hawaye tana godiya. Ta ce a cocinsu an yi addu'ar godiya, don da tayar ba ta fashe ba da mijinta yana tsakiyar Mubi lokacin da mutanen suka shigo. Ya'u ya karɓi kwanon. Shi ya riga ya yi nasa lissafin a bakin gada, ya kuma yi shi sau dubu: da tayar shago ce, da ƙarfe tara Jerry yana get, da tara da kwata sun juyo. Ya ajiye abincin a ƙarƙashin benci har ya lalace.

Tsohuwar lauya ta ɓullo a rana ta uku, maƙwabta sun fito da ita. Zulaihatu shiru. Ya'u ya rufe rumfa ya shiga yawon sansanonin 'yan gudun hijira, daga makarantar da aka zuba mutane zuwa harabar coci zuwa masallaci, da hotonta na kammala sakandare a hannu. Ya riƙa leƙa fuskar kowace budurwa har wasu suka fara tsarguwa. A rana ta shida ya gamu da mai asibitin a Girei. Mutumin ya ce shi ya kwashe ma'aikatansa tun ƙarfe tara da rabi, duka sun tsira. Ya tsaya a get ya ce wa 'yan matan biyu su hau, har ya daka musu tsawa. Zulaihatu ta ce Babanta ya ce kar ta shiga motar kowa. Asta ta sa ƙafa ɗaya a motar, ta dubi ƙawarta, ta sauko.

A rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, Sabuwa tana tankaɗe a tsakar gida sai ta ji an tura ƙofa. Zulaihatu ce, ba jaka, ba takalmi, ƙafafunta naɗe da tsummokaran zani, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta bi daji da duwatsu ta shiga Kamaru, daga can wata motar shanu ta kawo su. Sabuwa ta yi ihu ta faɗi a kanta. Ya'u ya fito daga ɗaki ya tsaya riƙe da ƙyaure, ya kasa ƙarasowa. Yarinyar ta dube shi ta kan kafaɗar uwarta, ba fushi a idonta ko kaɗan, abin da ya fi kashe shi ke nan.

"Baba, ban motsa ba," ta ce. "Har azahar muna get. Sai da muka gan su a kan babura a bakin layi."

Sun ruga tare, ita da Asta, hannu cikin hannu, ta bayan asibitin. A wajen wani kwalbati aka yi harbi, jama'a suka watse, hannun ya suɓuce. Ta waiwaya ba ta gan ta ba. Iyakar abin da ta sani ke nan, kuma iyakar abin da kowa ya sani ke nan har yau.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Mubi ta dawo, hanya ta buɗe, Zulaihatu ta ƙarasa karatunta a Yola, tana aiki, ta yi aure, 'ya'yanta biyu. Ya'u yana nan a gindin bishiyarsa, sai dai ya daina sayar da Beljiyam, faci kawai da iska. Samarin yanzu masu manyan motoci sukan tsaya su tambaye shi ko su sa mai araha a baya tunda ba a gani. Sai ya ce su je shago su sayi mai tsadar, su sa wanda ya iya karatu ya karanta musu duk abin da ke jikinta, in ba su da kuɗin su ajiye motar. Suna ce masa tsoho mai tsoro. Ba ya musu. Har gobe in baƙar mota ta wuce da gudu sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya saurara har ƙararta ta ɓace.

Jerry ya rasu bara, ciwon suga, yana nan a kan cewa ƙusa ya taka. Bayan an dawo daga binne shi a Numan ne Ya'u ya ga cewa saura mutum ɗaya a duniya da ke da haƙƙin jin maganar, kuma ita ma ta tsufa. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya sa farar rigarsa ya nufi Luggere.

Dada, mahaifiyar Asta, tana zaune a kan tabarma a inuwar ɗakinta tana tsinkar zogale. Ba ta taɓa karɓar gaisuwar mutuwa ba, ta ce ba ta ga gawa ba. Ta yi masa maraba, ta sa aka kawo ruwa. Ya tsuguna nesa da tabarmar, ya cire hula, ya faɗa mata duka. Tayar shago da ya hana a saya, farcensa, hoton da ya raɗa wa suna, wayar da ya yi ya ce kar su motsa. Bai rage komai ba. Yana jiran ta tsine masa, har ma yana fatan ta yi.

Hannunta ya tsaya a cikin ganyen.

"Baban Zulai," ta ce a hankali, "ban gane ba. Ka ce tayar ta mene ne?"

"Ta dusar ƙanƙara, Dada."

"Ƙanƙara na sani, wanda yake faɗowa da ruwan sama ya kashe kaji. Wannan dusa ɗin fa? Yaya yake?"

Ya'u ya duba ƙasa. Ya nemi abin da zai kwatanta mata da shi, ya rasa.

"Ban sani ba, Dada. Ban taɓa gani ba."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta mayar da idonta kan ƙofar gida, wadda take a buɗe.

"Asta ma bai taɓa gani ba," ta ce.